Karatun Tarihi Daga Zariya: Wanda Za Ka Fara Da Shi, da Wanda Za Ka Bari Sai Ka Yi Ƙwari

Mazaunin Zariya, ko a cikin Birni yake ko Tudun Wada ko Samaru, ya fi yawancin mutanen Arewa samun sauƙin karatun tarihi. A garin nan Hukumar Fassara ta zauna ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. A nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A nan kuma Abdullahi Smith ya kafa Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sashen da ya yaye malaman da suka sauya yadda ake rubuta tarihin ƙasar Hausa. Littattafai dai akwai su. Abin da ke kayar da mutane shi ne rashin sanin wanda za a fara da shi. Sai ka ga ɗalibi ya ɗauko jibgegen littafin Turanci da aka rubuta don manyan malamai, ya sha wuya a babin farko, ya ajiye, ya ce tarihi ba ya shiga kansa. Ga tsarin da nake ganin ya fi kai mutum gaci.

Mataki na ɗaya: fara da na Hausa, da alƙalami a hannu

Nemi Labarun Hausawa da Maƙwabtansu tukuna. A cikinsa akwai fassarar Tarihin Kano, tsohon littafin Larabcin nan da ya jero sarakuna tun daga Bagauda. Bi shi da Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, da Zuwan Turawa Nijeriya Ta Arewa na Abdulmalik Mani. Ƙanana ne, Hausarsu mai daɗi, kowanne ana iya gama shi cikin 'yan kwanaki. Amfaninsu shi ne sunaye su zauna maka a kai, yadda in ka tarar da Rumfa ko Yunfa ko Gidado a babban littafi ba za ka tsaya kana tambayar ko su wane ne ba.

Sai dai ka riƙe abu ɗaya. Yawancin waɗannan littattafai an buga su ne a zamanin Turawa da En'e, marubutansu kuma mutanen fada ne ko ma'aikatan gwamnati. Za ka ji labarin sarki da yaƙi da gadon sarauta. Manomi da maƙeri da mace a cikin gida ba safai suke fitowa ba. Wannan bai rage musu daraja ba, amma ka san ta ƙofar da suka leƙo.

Tun daga yanzu ka sayi littafin rubutu mai kauri. A kowane shafi ja layi biyu daga sama zuwa ƙasa, ya zama gida uku. Gidan farko ka rubuta abin da aka ce ya faru, na biyu wanda ya faɗa da lambar shafi, na uku inda shi kuma ya samo. Da farko gida na uku zai riƙa zama fayau ba komai, don tsofaffin littattafan ba sa faɗin madogararsu. Bar shi haka, kada ka cike da zato. Nan gaba za ka ga marubutan da ke cika maka shi, kuma da wannan za ka riƙa auna su.

Mataki na biyu: kafa jerin sarakunan Zazzau da shekarunsu

Keɓe shafi biyu ka jera sarakunan Zazzau daga Makau, sarkin Haɓe na ƙarshe a Zariya, zuwa yau, kowa da gidansa. Malam Musa shi ne tushen Mallawa, Yamusa na Bare-bari, Abdulkarim na Katsinawa, Abdussalami na Sulluɓawa. In ka ga yadda sarauta ke zagayawa tsakanin gidajen nan, rabin siyasar Zazzau ta ƙarni na 19 ta buɗe maka.

Nan take za ka yi karo da saɓani. Wasu littattafai sun ce Malam Musa ya ci Zariya a 1804, wasu sun ce a ƙarshen 1808. Shekarar 1804 ita ce ta hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, sai tsofaffin jerin sarakuna suka ɗauke ta a matsayin mafarin komai. Abdullahi Smith ya yi maƙala a 1961 kan lissafin shekarun sarakunan Fulani na Zariya, yawancin masana kuma yanzu sun tsaya a kan 1808, shekarar da aka ci Alƙalawa. Rubuta duka biyun a littafinka, ka sa sunan mai kowace magana a gefenta.

Za ka buƙaci mayar da shekarar Hijira zuwa ta Miladiyya, tun da da ita malamanmu suka yi lissafi. Hanya mai sauƙi ita ce ka ninka shekarar da 0.97, ka ƙara 622. Gwada da 1227, shekarar da Muhammadu Bello ya gama littafinsa Infaƙul Maisur: za ka sami 1812. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, saboda shekarar Hijira takan faɗa cikin shekarun Miladiyya biyu, amma ya isa mai karatu.

Da jerin nan a hannu sai ka karanta littattafai biyu a jere. Na farko shi ne tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, aka fassara shi da sunan A Chronicle of Abuja. Labari ne daga bakin zuriyar waɗanda aka kora: yadda aka rutsa da Makau a filin Idi a bayan gari, ya yi kudu har Zuba, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja na asali, wanda a yau ake kira Suleja. Na biyu shi ne Government in Zazzau na M. G. Smith, wanda ya fito a 1960. Turancinsa a bushe yake, babin ƙarshe kuma nazari ne da zai iya sa ka barci, don haka tsallake shi a karon farko. Amma bayanin da ya yi kan muƙaman Galadima da Madaki da Wambai da Dallatu, da yadda sabon sarki ke tuɓe mutanen wanda ya gada ya naɗa nasa, har yau ba a daina komawa gare shi ba.

Mataki na uku: gwada kanka da Sarauniya Amina

Kowane ɗan firamare a Zariya ya san sunanta, shi ya sa ta dace da gwaji. Buɗe Tarihin Kano wajen zamanin Sarki Dauda, wanda Palmer, Baturen da ya fassara littafin a 1908, ya ƙiyasta mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. A nan aka ambace ta, aka ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe kuma ya aiko mata da bābānni da goro. Sai ka duba abin da ake faɗa a Zazzau, cewa 'yar Bakwa Turunku ce, wanda ake sa zamaninsa wajen 1536. Tazarar ta haura shekara ɗari. Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisur, amma shi ya rubuta nasa ne bayan ɗaruruwan shekaru, daga abin da ya ji.

Aikinka a nan shi ne ka cika gidajen nan uku, ka lura da abin da majiyoyin suka haɗu a kai da inda suka rabu. Sun haɗu a kan cewa an yi mace mai ƙarfi a Zazzau wadda ikonta ya kai kudu. Sun rabu a kan zamaninta. Sauran ƙawa da ake ji a wasan kwaikwayo da littattafan makaranta, ka bi sawunsu ka ga ko akwai tsohuwar majiyar da ta faɗa. Daga nan duk littafin da ya ba ka ranar haihuwarta cif-cif ba tare da ya ce ga inda ya samo ba, ka san irin marubucin da kake tare da shi.

Mataki na huɗu: ji jihadi daga bakin masu shi, sannan ka je ga Murray Last

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shugabannin jihadi sun rubuta tarihinsu da kansu, kuma wannan gata ne da ba kowace al'umma ta samu ba. Infaƙul Maisur yana nan da Larabci a wajen masu sayar da littattafan addini, an kuma fassara shi da Hausa. Wurin da na fi so a cikinsa shi ne wasiƙun da Bello ya yi musaya da Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno. Alkanemi ya tambaya da wace hujja ake yaƙar mutanen da ke salla da azumi, ya ce aikata saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Bello ya mayar da amsa da nasa hujjojin. Abin burgewa shi ne Bello bai ɓoye maganar abokin jayayyarsa ba, ya kwafe ta ya sa a littafinsa, har ga shi muna karantawa.

Sai Tazyinul Waraƙat na Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya tattara waƙoƙinsa ya yi musu bayani. A nan za ka ji mutumin da ya ja daga a yaƙi yana kukan yadda son duniya ya shiga jama'a tun ana tsakiyar gwagwarmaya, har ya bar runduna ya nufi gabas, ya tsaya a Kano, mutanen Kano suka roƙe shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Wanda ya karanta wannan ba zai yarda da mai cewa komai ya tafi sumul ba, ba kuma zai yarda da mai cewa neman mulki kawai aka yi ba.

Yanzu ka isa ɗaukar The Sokoto Caliphate na Murray Last, na 1967. Ya zauna a Sakkwato ya yi aiki da takardun gidan Waziri Junaidu, shi ya sa littafin ya kalli daular ta idon ofishin Waziri. Ga Bazazzagi wannan riba ce, don Waziri ne ƙofar Zazzau a Sakkwato, kuma daga can aka tuɓe sarakunan Zazzau Sidi Abdulƙadir da Abdullahi da Sambo. Karanta shi da yatsa biyu, ɗaya a kan jimla, ɗaya a ƙasan shafi inda ƙananan rubutun suke. Duk inda ka ga 'yar lamba a saman kalma, sauka ka ga wasiƙa ce ya dogara da ita, ko littafin wani malami, ko rahoton matafiyi. Gida na uku na littafinka zai fara cika.

Mataki na biyar: malaman Samaru

Nan ne zan daɗe, don su ne gwanayena.

Abdullahi Smith Bature ne ɗan Ingila da ya koyar a Ibadan kafin ya zo Zariya, ya musulunta, ya zauna har ya rasu a 1984. Shi ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Bai bar jibga-jibgan littattafai ba, maƙalu ya bari, aka tattara wasu a A Little New Light a 1987. Nemi wadda ya yi a 1970 kan yadda dauloli suka kafu a ƙasar Hausa. Kafin shi, abin da ake koyarwa shi ne wani baƙo ya zo daga gabas ya kashe maciji a Daura, jikokinsa suka kafa Hausa Bakwai. Smith ya ce a dubi ƙasar kanta. Ta yaya ƙauyen dangi ɗaya ke zama gari mai baƙi, gari ya zama birni mai ganuwa, mai gari ya zama sarki da fadawa? Ya nuna rawar da ƙasar noma da tama da hanyoyin fatauci suka taka, da duwatsun da ake ganin mazaunin iskoki ne, irin su Dala da Kufena da Turunku. In ka gama maƙalar ka ɗaga kai ka dubi Kufena daga hanyar Wusasa, za ka gane abin da yake nufi fiye da wanda ya karanta ta a Landan.

Ɗalibinsa Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a 1945 ya rasu a 2005, shi ne a wajena ya fi kowa kaifin alƙalami. Mutane sun fi saninsa da rubuce-rubucen siyasa da muhawara, amma aikinsa na tarihi shi ne The Transformation of Katsina, wanda maɗaba'ar jami'a ta buga a 1981. Ya taka ƙasar Katsina gari-gari yana hira da dattawa, ya haɗa da rubutun Larabci. Babbar hujjarsa ita ce kallon jihadi a matsayin faɗan Fulani da Haɓe ba ya bayyana abin da ya faru, tun da akwai Hausawa a cikin jama'ar Shehu, akwai kuma Fulani a ɓangaren sarakuna. A tambayi sana'ar mutum da garinsa da matsayinsa a tsarin sarauta, a ga abin da ya sa ya bi wannan ɓangare. A kan wannan ne ya soki M. G. Smith, shi ya sa na ce ka karanta Government in Zazzau tukuna, don ka san abin da ake sukar.

Littafin Katsinan yana da nauyi, kada ka fara da shi. Fara da Beyond Fairy Tales, tarin maƙalunsa, ka nemi wadda ya yi kan zaman Heinrich Barth a Katsina. Barth matafiyi ne ɗan Jamus da ya ratsa ƙasashen nan tsakanin 1850 da 1855, an kuma daɗe ana ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa. Bala ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyin alƙali: tsawon wane lokaci ka yi a garin, da wa ka yi magana, wane hali kake ciki da mahukunta, wane tunani ka taho da shi daga gida? Bai ce a jefar da Barth ba, ya nuna yadda ake tace shi. Wannan maƙala guda ta fi wani kwas na zango ɗaya koyar da sana'ar. Aibin Bala, in za a faɗa, shi ne wani lokaci zafin muhawara kan sa ya ƙi ba abokin jayayya ko da taƙi ɗaya. Ka karanta shi kana sane da haka.

Mataki na shida: zuwan Turawa, ta bakin mutum biyu da ba su jitu ba

Daga Zariya rundunar Turawa ta tashi ta ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli. A nan gida an tuɓe Sarki Kwasau, aka naɗa Aliyu ɗan Sidi, shi ma aka tuɓe shi a 1920 aka kai shi Lakwaja. Wanda ya fi kowa tona wannan zamani shi ne Mahmud Modibbo Tukur, malamin Sashen Tarihi da ya rasu a 1988. Kundin digirinsa na 1979 ya daɗe a kan kanta ana ta ɗaukar hotonsa, sai a 2016 aka buga shi da sunan British Colonisation of Northern Nigeria. Dabararsa ita ce ya ɗauki rahotannin razdan-razdan da di'o-di'o, ya kama su da bakinsu. Sun ce sun zo ceton talaka, takardunsu kuma na nuna garuruwan da aka ƙone, da harajin da aka tsananta karɓarsa, da aikin tilas.

Kana ajiye shi ka ɗauki Baba of Karo. Baba tsohuwa ce da ta ba Mary Smith, matar M. G. Smith, labarin rayuwarta a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Ta yi zamanin harin bayi, ta ga an kama 'yan'uwanta an nemi fansa, ta kuma ga bayin rinjin gidansu sun watse bayan zuwan Turawa. A bakinta za ka ji cewa wasu talakawa sun sami sauƙin hare-hare. Za ka ji aure da kishi da ƙawance da bori da goyon ciki, abubuwan da babu su a tarihin fada. Tukur bai ƙaryata Baba ba, ita ma ba ta rushe shi ba. Rubuta su a shafi ɗaya, ka tuna cewa ita da matar Bature take magana a zamanin mulkin Bature, shi kuma yana rubutu ne bayan 'yancin kai yana mayar da martani.

Mataki na bakwai: leƙa waje

In ƙafarka ta kafu a gida, The Hausa Factor in West African History na Mahdi Adamu, na 1978, zai bi da kai hanyar fatake har Gwanja da zangunan Hausawa na ƙasar Gana. Muƙaddimar Ibn Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, ko shafukanta na farko kawai ka karanta sun isa: a nan ya ƙi yarda da masu cewa rundunar Banu Isra'ila ta kai mutum 600,000, ya tambaya wane fili ne zai ɗauke su su yi sahu. Babban tarihin Afirka na hukumar UNESCO, mai juzu'i takwas na asali, ana sauke shi kyauta a intanet, juzu'i na huɗu kuma akwai babin Mahdi Adamu kan Hausawa.

Mataki na takwas: inda za ka samu, da fita da ƙafa

Tsofaffin littattafan Hausa ka tambaya a shagunan littattafai na Sabon Gari da Tudun Wada, ka ce na kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) ko na Gaskiya kake nema. Wasu sun ƙare a kasuwa, sai a hannun tsofaffin malaman makaranta. In an ara maka, ɗauki hotonsa ka mayar a ranar da ka yi alkawari, don rashin mayarwa ne ya sa masu littattafai suka daina bayarwa. Na Turanci kuwa, Laburaren Kashim Ibrahim da ke Samaru da maɗaba'ar jami'a su ne wuraren farko. Wanda ba ɗalibi ba ya tafi da katin shaida ya nemi izini a wajen ma'aikata. Mai son ganin takardun asali sai ya shiga mota zuwa Kaduna, Gidan Arewa da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa duk suna can.

Ware wata safiya ka bi abin da ya rage na ganuwa daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan ko Kuyambana, ka ga faɗin filin da aka kewaye, ka tambayi kanka dalilin da ya sa aka haɗa da gonaki a ciki. Shiga Masallacin Juma'a ka dubi bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ginin zamani ya lulluɓe daga waje.

In za ka je wajen dattijo, nemi wanda zai kai ka, ka tafi da goro ko ɗan abin hasafi, ka zaɓi bayan la'asar. Gaisa sosai kafin ka fito da waya, ka kuma nemi izini: "Baba, Allah ya ƙara lafiya, in ka yarda zan naɗi maganar don kada in manta." Kada ka tambaye shi shekara, tambaye shi zamanin wane sarki, ko kafin jirgin ƙasa ya iso ne ko bayansa, sai ka koma jerinka ka fitar da shekarar da kanka. Kada ka karanta masa abin da littafi ya ce, don sau da yawa zai ce haka ne saboda kara. In ya gama, tambaye shi, "Baba, wa ya ba ka wannan labarin?" In ya ce kakarsa, tambayi sunan unguwarsu da sana'ar gidansu, ka rubuta a gida na uku tare da ranar da kuka yi hirar.